Saƙon Mayahi da Ya Yi Kururuwa a Hanyar Issawane

Mun tashi da asuba daga Tasawa, mu uku a tsohuwar motar aminina: ni, da shi mai motar, da yayarsa Hajiya wadda za mu kai Mayahi barkar haihuwa. Motar nan, jama'a, ta girmi limamin unguwarmu. In aka tayar da ita, kajin maƙwabta sai sun yi kwana ba su yi ƙwai ba. Muka biya tasha muka sha shayi da burodi, muka zuba wa mota mai, esansi na buteli, wanda tsadarsa yanzu sai ka rantse turare kake saye.

A nan wani mutum sanye da shadda mai sheƙi ya iso da katon kwali a ka, an ɗaure shi da igiya, an huda 'yan ramuka a gefe. Ya gaishe ni kamar tare muka yi makarantar allo. Ya ce daga wajen Baoudetta ya fito, tantabaru ne na wani ɗan'uwansa wanda zai tarbe mu a tashar Mayahi. Ya karɓi lambata domin ɗan'uwan ya kira. Ni kuwa duk Tasawa an san ni da kai saƙo. Na kai kuɗi, na kai magani, na taɓa kai kayan lefe har da amaryar a bayansu. Kuma kun san ƙa'idarmu: saƙo amana ne, ba a tambayar abin da ke ciki, balle a buɗe. Sunana ke nan, da shi nake taƙama a majalisa. Na ce a ɗora.

Muka bar gudoro, wato kwalta, muka kama hanyar Urafane, don mai motar yana da ɗan ciniki a can. Bazara ce, gonaki fetal, sai gawo da kututturen gero. Tun hantsi rana ta fara gasa mu kamar kilishi. A Urafane muka taras kasuwa na haɗuwa, amalanke bayan amalanke da buhunan wake. Na ci kwaɗon zogale da ƙuli a wurin wata dattijuwa, wanda da za a kai shi asibiti da an sallami rabin marasa lafiya. Hajiya ta sayi cuku a hannun wata Buzuwa, suka yi cinikin da ya kusa kai mu azahar.

Tsakanin Urafane da Issawane yashi ya riƙe mu. Motar ta yi tsalle ta dira, kwalin ya bugu da ƙarfe, sai muka ji wata ƙara daga baya, irin ta ƙofar langa-langa da ta shekara ba mai. Ni da na ce ba na tsoron kowa, sai ga ni a waje ban san ta inda na fita ba. Wani Bafulatani da ya bar shanunsa ya zo taya mu turi ya kasa kunne, ya girgiza kai.

“Alhaji, wanga abu ba tantabara ba ne. In tantabara na irin kukan ga, ni ma raƙumi ne.”

Nan fa aka tsaya. Mai mota ya ce a buɗe, in haramtaccen kaya ne motarsa za a riƙe a shingen bincike. Na ce sam, ban taɓa kwance igiyar saƙo ba, ba kuma a dajin Issawane zan fara ba. Muna ta musu, Hajiya ta sauko da butarta, ta fara warware igiyar. Na ce, “Hajiya, amana fa!” Ta ce, “Alhaji, kai ka riƙe amanar kwali. Ni abu mai rai na ji yana kukan ƙishi, ruwa zan ba shi.”

Da murfin ya ɗagu, wasa ya ƙare. Aku ne, masu ruwan toka da jar wutsiya, sun fi goma, an cusa su kamar albasa a buhu. An yanke musu gashin fiffike, bakuna a buɗe saboda zafi. Ɗaya ya riga ya mutu. Na san akun gida, wanda zai yi maka sallama ya kuma tona asirin mai gida. Waɗannan ba su san mutum ba. Da na miƙa hannu, ɗayansu ya kama min yatsa, na yi ihun da na tabbata an ji shi a Zinder. Tsuntsayen kurmin kudu ne, ba na ƙasarmu ba, kuma kowa ya sha jin ana ratsa hamada da irinsu a kai su arewa. Muka kai su inuwar wata aduwa, Hajiya ta riƙa ɗiga musu ruwa, ta jiƙa mayafinta ta lulluɓe kwalin.

Na zauna na yi lissafi. In na miƙa kwalin a tasha, na kai saƙo, amma na tura bayin Allah cikin hamada. In na sake su a nan, ba fiffike, ba ruwa, shaho ya samu walima. Sai na ce saƙo dai zai isa Mayahi kamar yadda na yi alkawari, wurin sauke shi kawai zan gyara.

A Issawane muka sha fura da nono mai sanyi, ba mu daɗe ba. Muna shiga Mayahi muka wuce tasha kai tsaye zuwa ofishin gandun daji. Ma'aikacin da muka taras ya leƙa kwalin ya yi salati. Ya ce irin wannan aku doka ta hana kama shi da fataucinsa, amma sai an bincika kafin a ce ga mai laifi. Ya yi mana tambayoyi, na kwatanta masa mai shaddar nan tun daga hula har takalmi. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara.

“Alhaji, kun iso? Ina saƙona?”

Na ce, “Lafiya lau ya iso, ranka ya daɗe, har ruwa ya sha. Yana nan ofishin gandun daji, taho ka karɓa.”

Ya kashe. Har muka ci tuwon barka muka yi la'asar, mai tantabaru bai zo ba. Kafin mu juyo na koma na leƙa su. An sa su a faffaɗan keji a inuwa, suna fasa gyaɗa, suna hararata kamar ni na kamo su.

Mun dawo Tasawa lafiya, amma labari ya riga mu isowa. Majalisarmu ta rabu biyu. Wasu suka ce Alhaji ya ci amana, wa zai ƙara ba shi ko allura? Wasu suka ce wanda ya yi maka ƙarya tun a bakin mota shi ya fara kwance igiyar. Ni abin da tafiyar ta koya min shi ne, kunyarmu ta tambaya ita mugu yake ɗora wa kayansa, ba motarmu ba. Ban daina karɓar saƙo ba, amma yanzu ina tambaya, kuma ba na sunkuyar da kai in na yi.

Jumma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, dattijon da ya fi kowa zagina a majalisa ya tare ni da ƙunshi, za a kai wa ɗiyarsa Maraɗi. Ya dube ni, ya dubi yatsana mai bandeji, ya tsuguna ya kwance ƙullin da hannunsa.

“Duba da kyau, Alhaji. Daddawa ce. Ba ta cizo.”