Motar Alhamis da Ƙafar Yaya

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma abin da idona ya gani yana nan a kaina daram. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Mahaifiyata ban taɓa ce mata Inna ba. Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa, domin ni ce 'yar fari, kuma kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni. Ita ma Yaya ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "waccan". Ba ta cin abinci a gabana, ba ta dariya in ina wurin. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ce ƙiyayya ce. Ba su san kome ba. A ƙauyenmu, can gefen hanyar Maigatari, in ana kwatancen mace mai kunya da Yaya ake yi, mu kuwa kanmu a sama yake saboda haka.

Aka yi mini aure a Gumel, lokacin ana tara dalar gyaɗa a Kano, Turawa ba su tafi ba tukuna. Maigidana direba ne, kuma a zamanin nan direba ba ƙaramin mutum ba ne. Motar wani Alhaji yake ja, farke ne mai cinikin shanu da kanwa a Maigatari. Shi wannan Alhaji, matarsa a kan jaki ta cika, ana hanyar kai ta asibiti tana naƙuda. Tun daga nan ya yi alkawari tsakaninsa da Allah: kowace Alhamis in kasuwar Maigatari ta tashi, motarsa za ta kwaso marasa lafiya na bakin hanya ta kawo su Gumel kyauta. Ya kuma gina jerin ɗakuna kusa da asibiti, ya ajiye rumbun gero da mata masu daka. Mutum zai zo daga Sule Tankarkar ko Gagarawa, ya sami ɗaki da kunu da tuwo har ya warke, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Allah ya jiƙan mutumin nan. Na ga masu arziki da yawa a bayansa, ban ga mai irin hannunsa ba.

To a ƙarshen damina, ana cirar gyaɗa, kututture ya soki Yaya a sama da idon sawu. Abu kaɗan. Ta sa toka ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki, don mahaifina ya riga ya rasu, babu mai yi mata. Kafin a gama kai amfani gida ciwo ya zama gyambo. Wanzami ya yi nasa, aka sha rubutu, aka shafa sassaƙe iri-iri, gyambo sai faɗi yake yi. A Gumel kuwa ina gani da idona, masu gyambon da ya fi nata ana yi musu allura, ana wanke shi ana ɗaurewa, su koma gida da ƙafarsu.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ke zaune gida ɗaya da Yaya, ita ce kuma bakinmu a tsakani. Duk abin da zan gaya wa Yaya, Gwaggo nake gaya wa, ko da kuwa Yaya tana zaune a tabarma ɗaya da mu. Na je ƙauye na ce, "Gwaggo, ki ce mata ta shirya, Alhamis mota za ta tsaya a gindin tsamiya."

Yaya ta dubi bango ta ce, "Ki tambayi waccan, wa ke jan motar?"

Gwaggo ta ce, "Ke ma kin sani. Aljani ne zai ja ta?"

"To ki ce mata na gode."

Shi ke nan fa. Mijin 'yarta ta fari, wanda in ta hango shi a hanya take ratsewa cikin gona, shi ne zai ɗauke ta a mota, a gaban 'yan kasuwa, a ciccibe ta ƙafa a waje? Ta ce ba da ita ba. Gwaggo ta ce, "Matar wana, kunyar nan taki da nama ce da mun yi kilishi mun sayar. Ƙafa ce fa ke ruɓewa." Yaya ta ce, "Ƙafata ce."

Aka gwada jaki. Ba a yi nisa da gari ba ƙafar da ke reto ta ɓalle da jini, jiri ya kwashe ta, aka dawo da ita. Wata motar kuwa babu. Masu wucewa da gyaɗa a cike suke har sama, ba sa tsayawa ƙauye.

Maigidana mutum ne mai dabara. Ya samo sabuwar tabarmar kaba ya ɗaure a 'yar tagar da ke tsakanin mazaunin direba da bayan mota. Ya tsaya a ƙofar gida, ya cire takalmi, ya durƙusa daga waje kamar yadda ya saba, ya ce wa Gwaggo ta shaida wa Yaya ko ƙeyarsa ba za ta gani ba. Amsa ta fito daga ɗaki: tabarma tana tare ido, ba ta tare bakin mutane.

Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Maigida yana tsayawa a gindin tsamiya ya daɗe, yana buɗe gaban mota kamar wani abu ya lalace, ko Allah zai sa a fito da ita. Masu tari da masu ciwon ido suna hawa, tawa uwar tana kwance a ɗaki, ƙuda na bin ƙofa. Har Alhaji ya ji labari. Ya ce a nemo wani direba ya ja motar rana ɗaya, amma kaka ce, duk mai iya tuƙi yana kan hanyar Kano da gyaɗa.

Wata safiya maigida ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin ƙofata. Ya ce ya yi magana da liman. Ya ce, "In auren nan ne ya tsare hanya, sai in sake ki saki ɗaya. Ranar Alhamis ni ba surukinta ba ne, direban Alhaji ne kawai. In ta sauka Gumel in mayar da ke." Yana faɗa yana kallon ƙasa. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ce masa na yarda, kuma har yau in aka maimaita zan yarda.

Muka tafi tare. Ya durƙusa a waje, ni na shiga na gaya wa Gwaggo. Gwaggo ta juya ta maimaita wa Yaya, ko da yake Yaya ta ji kome.

Yaya ta rame, zazzaɓi ya bushe mata leɓe. Can ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan, tsohon suruki ma suruki ne, wa ya ce masa saki yana wanke kunya?" Ta numfasa. "Igiya uku aka ɗaura wa waccan. Ba za a tsinke ɗaya a kan ƙafata ba. Ki ce kada ya kuskura. Alhamis zan hau."

Ni dai na fita bayan ɗaki. A duk zamana da ita, ranar ce na fara jin ta tsaya mini a fili, ko da yake da bango take magana.

Alhamis da la'asar muka fito da ita a kan asabari, ta lulluɓe har fuska. Mota na tsayawa maigida ya sauka ya cire takalmi, ya tafi bayan tsamiya ya juya baya. Mata ne muka ɗaga ta, da ni da Gwaggo da wasu Fulani masu tallan nono da ke cikin motar. Muka kwantar da ita tsakanin buhunan kanwa. Sai da Gwaggo ta buga jikin mota sannan ya dawo ya shiga, takalman a hannu.

Hanyar nan rairayi ce da kwazazzabai, kuma an san shi da gudu. Ranar kuwa tafiya yake kamar mai rakiyar amarya. Wani mahauci da ke zaune a kan buhu ya leƙa ya ce, "Direba, ƙwai ka ɗauko ne? Ga wata tsohuwa can da sanda za ta wuce mu." Wani ya ce, "Ƙyale shi, yau motar azumi take yi." Aka yi dariya. Gwaggo ta ce, "Kai mahauci, mai gaggawa ya sauka ya bi tsohuwar." Na ga lulluɓin Yaya yana motsi kaɗan. Ko dariya ce ko zafi, ban sani ba.

Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya duba, ya dube mu. Mutumin kirki ne, bai yi mana faɗa ba. Ya ce kawai, "Ina ma tun ana cirar gyaɗa kuka zo." Ya yi mata allura, ya ce za a yi ta yi, sauran na Allah ne, don dafin ya riga ya bi jini.

Gidana yana nan kusa, ana jin kiran salla ɗaya. Amma kowa ya san ba za ta kwana gidan suruki ba, ba mu ma tayar da zancen ba. Ɗakin Alhaji aka ba mu, na ƙarshen jeri, maƙwabciyarmu wata mata ce daga Gagarawa mai jinyar mijinta. Da babu ɗakunan nan da a gindin bishiya Yaya za ta kwanta, na san halinta. Kullum da safe masu daka su kawo kunu, in karɓa in miƙa wa Gwaggo, Gwaggo ta miƙa mata, ta juya ga bango ta sha. Maigida kuwa ya zo ya durƙusa nesa da ƙofa, ya tambayi Gwaggo mai jiki, ya tafi.

Ƙafar ta ɗan yi sauƙi, har muka sa rai. Jikin ne ya ƙi. Wata safiya Gwaggo ta tafi ɗebo ruwa, kunu ya zo, babu kowa sai ni. Na tsaya da ƙwarya a hannu ban san yadda zan yi ba. Yaya ta miƙo hannu ta karɓa daga nawa, ta kurɓa kaɗan, ba ta juya ga bango ba. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Da Gwaggo ta dawo sai ta ce mata, "Ki gaya wa mutumin nan, tuƙinsa babu laifi."

Kafin wata Alhamis ta zagayo, Yaya ta cika. A Gumel aka rufe ta, Alhaji ne ya ba da likkafani.

Da Gwaggo ta isar wa maigida saƙon, ya rufe fuska da hula, ya daɗe a durƙushe. Tabarmar nan bai cire ta daga tagar mota ba har ta zama zare. In fasinja sun tambaya sai ya ce ta tare rana ce.

Akwai masu ce mini da ta hau tun farko da ta ga 'ya'yana. Na sani, na fi su sani. Amma ba a gabana za a zagi kunyar Yaya ba. Ni da maigida mun zauna har gemunsa ya yi fari, mun yi faɗa irin na kowa, na yi yaji har sau nawa, bai taɓa furta kalmar nan ba. Ranar da ya rasu igiyoyina uku cur, yadda ta bar mini su.