Ƙafata Ta Tafi, Bakina Na Nan

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina telar Gubuchi ta shige, ga ni da raina, sai dai babu ƙafata ta dama.

Da ƙishirwa da yawan fitsari abin ya fara. Na ɗauka zafi ne. Sai ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa.

Na je ɗakin shan magani na kusa da mu. Ya sha sabon fenti da katanga, har da allo mai hoton Honarabul ɗinmu. A ciki kuwa babu abin gwajin suga. Ma'aikaciyar ta wanke ciwon, ta ce, "Yaya, iya abin da muke da shi ke nan." Ita ban riƙe ta a zuciya ba.

Da yatsuna suka yi baƙi, ɗaki ya fara wari, maigida ya ɗauko shatar mota zuwa Zariya.

Gwajin jini, hoton ƙafa, allura safe da yamma, wankin ciwo da sai na ciji zani. Komai mu muka saya, har auduga da safar hannu. Rakenmu tun yana gona aka sayar, shanun huɗa suka bi baya.

Likita ya ce, "Baiwar Allah, ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinki. Da an gwada ki tun farko, da ba a kai nan ba. Yanzu ko ƙafar, ko ranki."

Na dubi maigida. Ya ce, "Ke yara ke jira a gida."

Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Na farka ina jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Na ji tsoro ƙwarai, don da ƙafar nan nake taka keken ɗinki in ciyar da 'ya'yana.

Bayan an sallame ni, muka ji wai akwai tallafin naƙasassu. Muka je, ashe ofishin a saman bene yake. Ƙanwata ce ta goya ni, mutane na kallo. Aka ce mu dawo wani lokaci.

Ana nan sai ga Honarabul har gida. Mutumin da na ɗinka wa matan kamfen ɗinsa anko, na bi gida-gida ina nema masa ƙuri'a. Ya zo da keken guragu sabo fil. Aka ɗora ni, aka ce in yi murmushi, aka yi ta ɗaukar hoto.

Yana shiga mota, mutanensa suka sauke ni kan tabarma, suka naɗe keken. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, akwai wani taron a Paki. Naki na nan tafe."

Washegari na ga hotona a waya, an rubuta wai an share mini hawaye.

Ban yafe ba.

Masu cewa in bar wa Allah, na bar Masa. Amma ai Shi ya bar mini bakina. Ƙanena mai walda ya mayar mini da keken ɗinkin na hannu, na koma aiki. Duk macen da ta kawo atamfa, daga Makarfi har Kudan, sai ta ga dungulmin ƙafata, ta ji labarin keken guragun. Da mata muka ɗora Honarabul, da mata za mu sauke shi.

Yau ciwon ya warke, sugan ya daidaita, ina tafiya da sanduna. Alhamdulillahi. Maigida, ƙannena, ma'aikatan jinya da maƙwabtan da suka riƙe mini yara, Allah Ya saka muku da Aljanna.

Shawarata: wanda ke yawan ƙishirwa da fitsari ya je a gwada masa suga. Ku daina yawo ba takalmi. Ciwon ƙafa ya ƙi warkewa, ku nufi babban asibiti, kada ku tsaya shafe-shafe.

Ni kuma ku taya ni addu'a Allah Ya nuna mini ranar zaɓe. Ko da rarrafe ne, zan je.