Herminia Insfrán da Kundin Arasá

Haihuwa da Karatu

An haifi Herminia Insfrán a shekarar 1948 a garin Villarrica na ƙasar Paraguay. Mahaifinta Anacleto ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta Ramona kuwa chipa, wani irin burodin rogo, take gasawa tana sayarwa a tasha. Ta kammala makarantar horon malamai a 1968, ta shafe shekara talatin tana koyarwa, kuma ɗalibanta sun shaida ba ta taɓa cewa aikin wani ya yi kyau ba, iyakarta ta ce babu kuskure.

Aure

A 1971 ta auri Fulgencio Duarte, direban motar rake, wanda ya rasu a 1995.

Aikin Kundi

Bayan ta yi ritaya, a 2001 ta shiga sahun masu aikin sa-kai da ke tace Kundin Arasá, mai tattara adireshin shafukan intanet, aka damƙa mata sashen sana'o'in hannu. Ƙa'idojin kundin biyu ne: a bayyana kowane shafi da jimla guda ba tare da yabo ba, kuma mai tacewa ba ya shigar da shafin jininsa.

A 2004 autanta Isidro, mai sassaƙa jita a garin Luque, ya miƙa nasa shafin. Da yake ita kaɗai ce a sashen, shafin ya maƙale a layin jira. Ya taso takanas ya same ta tana shan tereré, shayin ganye mai sanyi, a gindin mangwaro.

"Mama, har na maƙwabcina kin sa, wanda jitarsa ke kuka kamar akuya!"

"Shi ai ba ni na haife shi ba. Ka jira a samu wani mai tacewar."

"To ki haifo mana shi mana!"

Ba a samu ba. Masu saye suka koma wajen maƙwabcin, Isidro ya ɗauke ƙafa daga gidan. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ko gezau ba ta yi ba.

Rufe Kundin

A 2016 aka rufe kundin, domin jama'a sun koma ga injunan bincike, wasu tsofaffin masu tacewa suka adana kwafinsa. Washegarin rufewar Herminia ta hau motar Luque zuwa wajen Isidro.

"Yau dai ni ba mai tacewa ba ce. Ɗauko jitar nan ka kaɗa in ji."

Ya kaɗa. Ta ce, "Ɗana, duk ƙasar nan babu irinta."

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Yuni, 2019, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Villarrica. Isidro ne ya tsara rubutun kabarin, jimla guda babu yabo: "Ta koyar, ta tace kundi, ta haifi uku."

Ta bar 'ya'ya uku: Celsa, ma'aikaciyar jinya a Asunción, da Aníbal, manomi a Caazapá, da Isidro, wanda masu adana kwafin suka nemi saka shafinsa, ya ce a bar shi a layin jira inda ta bar shi.