Guɗar Inna Saude a Ɗakin Gashi

Duk matar da aka kai ɗakin miji a ƙauyenmu na gefen Roni cikin shekara talatin ɗin nan, Inna Saude ce ta yi mata guɗa. Ba ma sai an roƙe ta ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma da ta hango masu kai amarya sai ta sauke kasko, ta kama hanci, ta saki muryar da har makiyaya a bayan dutse suke cewa, "To, an kai wata."

Bara da kaka aka sa bikin jikarta Ikilima, wadda ta riƙe tun daga yaye. Saura mako shida, Inna ta tashi da safe za ta kurkure baki, sai ruwa ya zubo ta gefe. Baki ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa. Ta shige ɗaki ta gwada guɗa a hankali. Iska kawai ta fito, fuu! Nan ta zauna ta yi tagumi. 'Ya'yan mutane duk ta raka su, sai nata jinin ne za a kai shiru?

Maƙwabta suka ce marin mutanen ɓoye ne, aka yi ta hayaƙi kwana biyu. A na uku Ikilima ta tare mota, suka nufi asibiti a Kazaure. Likita ya ce jijiyar fuska ce ta kumbura, ya rubuta magani, ya tura su ɗakin gashi, inda ake gasa ƙashi da jijiya, wurin wata ma'aikaciya mai fara'a, Bahijja.

Bahijja ta jawo wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu. Inna ta ja da baya.

"Lantarki a fuskata? Ni da ko waya ba na sa wa caji da hannuna?"

"Inna, bai kai cizon cinnaka ba. Naman kumatun ne ya yi barci, za mu riƙa ɗan taɓa shi."

"Ya yi ta barcinsa."

"Ƙyale ta, Anti," in ji Ikilima. "Sai in aika garin Gwiwa a ɗauko min Shatu ta yi guɗar."

"Shatu? Mai muryar ɗan akuyar nan?" Inna ta hau gado ta gyara kwanciya. "Jona, 'yar nan, jona."

Haka aka fara, sau biyu a mako. Da farko a rufe mata ido a haska wata fitila mai jan haske, kumatu ya ɗau ɗumi. Sannan Bahijja ta jiƙa kan wayar ta ɗora. Inna ta ce kamar tururuwa ke zagaye a fuskarta, gefen leɓe yana ta motsi shi kaɗai ba da izininta ba, har abin ya koma ba ta dariya. Bahijja ta ce na'ura taimako ce kawai, babban aikin yana gida: ta riƙe madubi ta ɗaga gira, ta hura kumatu, ta tsuke baki. Inna ta jingina madubi a jikin turmi, tana murza ƙuli tana yi wa kanta gatsine, masu sayen mai suna ƙunshe dariya.

A mako na biyar, bayan an cire wayoyi, Bahijja ta ce ta hura kumatu. Iska ta tsaya, ba ta zille ba. Inna ta dubi Ikilima, ta kama hanci.

"Ayyiririiii!"

Kun san a asibiti ba a jin guɗa sai an sauka lafiya. Kafin ta rufe baki mata sun cika ƙofa, har da wata ungozoma da ta sheƙo a guje da safar hannu.

"Wa ya kawo mai naƙuda ɗakin gashi? Mace ko namiji?"

Suka tarar da tsohuwa zaune a kan gado tana gyara ɗankwali.

"Murya aka haifa," in ji Inna. "Ku yi min barka."

Bahijja ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Ranar kai amarya, Inna ce a gaba, Bahijja a gefenta cikin ankon biki. Har yau in Inna ta yi dariya bakin yakan ɗan ja gefe, ita kuwa ko a jikinta. A ƙofar gidan ango ta riƙo hannun Ikilima, ta rangaɗa guɗa sau bakwai, ta kuma ce wa 'yan Gwiwa da suka zo su gaishe mata da Shatu.