Kilo Bakwai

Yayana mai gyaran sikeli ne. Shekara arba'in yana wani ɗan shago a bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya yarda da "kusan". Ka ce masa abu ya kai kusan kilo, sai ya zare tabarau ya dube ka kamar ka zage shi. Ni ce autarmu, na sha rankwashi a hannunsa kan rabon alewa tun ban san hagu da dama ba.

Amma abin da unguwa ta fi saninsa da shi tafiyar ƙafa ce. Duk bazara, da an ba da hutun makaranta, shi da matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda a firamare take koyarwa, sai su rataya jaka, su hau mota zuwa gindin duwatsu, su kwana biyar suna taka sayyada, suna kwana a tanti. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni kuwa ban taɓa ɓoye ra'ayina ba. Nakan ce, "Mutum da ɗakinsa da katifarsa ya tafi neman wahala da ƙafarsa? Wannan ai jin daɗi ne ya yi muku yawa." Malama ta yi dariya ta ce, "Auta, ba za ki gane ba." Ban gane ɗin ba kuwa, shekara talatin da ɗaya.

Haɗa jakar Yaya aikin sati guda ne. Zai shimfiɗa tabarma a falo, ya jera kaya, ya aje ƙaramin sikeli a gefe. Buroshin haƙori, an guntule mariƙinsa. Sabulu, an yanka shi gida huɗu an ɗauki ɗaya. Riga biyu kacal, ɗaya a jiki ɗaya a jaka. Hatta 'yar takardar da ke wuyan riga sai ya sa reza ya cire ta. Kowace shekara kuma sai ya sami abin da zai jefar gefe, ya ce, "Wannan nauyin banza ne." In ya gama ya leƙo gidana yana washe baki: "Auta, bana na rage giram ɗari uku!" In ce, "Sannu da ƙoƙari, a ba ka lambar yabo."

Malama ta rasu cikin sanyin bara, ciwon kwana tara. Daga nan Yaya ya zama kamar gidan da aka kwashe wa kaya. Yana buɗe shago, yana rufewa, abincin da nake aika masa yana dawowa yadda ya tafi.

Da bazara ta kawo kai, sai ya ce zai tafi duwatsu, shi kaɗai. Na daka tsalle na ce ban san zancen ba. Shekara sittin da takwas, ga ciwon baya, ga gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa! Ya bar ni na gama sababina, sannan ya ce, "Akwai wani dutse mai faɗi inda muke shan shayi a rana ta uku. So nake in zauna a kansa sau ɗaya, in gani ko zan iya zaman duniyar nan babu ita."

Na daina musu. Duk da haka sai da na ja shi wajen likita. Likita ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Baba, kilo bakwai, har da ruwan sha. In jaka ta wuce haka, a haƙura da tafiyar." Yaya ya ce ya ji ya yarda, kuma shi in ya yarda da lamba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya ƙetare ta.

Ranar Asabar da hantsi na same shi a falo ya gama haɗawa. Ya maƙala jakar a sikelin ƙugiya, allura ta tsaya a shida da giram ɗari huɗu. Wallahi rabon da in ga haƙoransa tun Malama tana raye. Ya ce, "Kin gani? Har da sauran wuri."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma ni da shegen bakina, na zuge jakar ina leƙe.

"Yaya, ga ɗan murhun gas. Ina tukunyar?"

Ya leƙa cikin jakar.

"Ga sandunan tanti, ina tantin? Ina maganinka na baya?"

Ya ɗauko kwalin da yake rubuta jerin kayansa, ya bi da yatsa tun daga sama har ƙasa, sau biyu. Babu su a ciki, ba su ma taɓa shiga ba. Ya ce a hankali, "Suna wajen Malama."

Ashe rabinsa kawai ya haɗa, yadda ya saba. Jakarta tana rataye a bayan ƙofar ɗaki, ba wanda ya taɓa ta. Ita da sun dawo take wanke komai ta mayar. Ya ɗauko ta, na ga kafaɗarsa ta karkace. Bai taɓa auna jakar nan ba, don tun tafiyarsu ta farko ta ce masa sikelinsa ya tsaya a kan kayansa. Ranar ya maƙala ta. Kilo tara da giram ɗari biyu, babu ko ɗigon ruwa a ciki.

Ya ƙwanƙwasa sikelin da farce. Ya sauke jakar, ya ɗora dutsen awo ya gwada. Sikeli lafiyarsa lau.

Sai ya zauna ya shiga fito da kayan. Tanti da tukunya da magani, waɗannan dama rabonta ne. Ƙarƙashinsu kuma sai ga rigar sanyinsa da ya jefar shekara goma da suka wuce. Ga gudumar kafa tanti da ya ce dutse ma ya isa. Ga bandejin gwiwa, man zafi, tabarau na biyu, batir, har da matashin kai ɗan ƙarami. Duk abin da ya jefar yana fahariya, ta bi bayansa ta tsince. In sanyi ya kama shi a kan dutse ta miƙo masa rigar, sai ya ce, "Malama akwai dabara," ya sa abinsa, bai taɓa tambayar wa ya ɗauko ta ba. Nata na kanta, riga ɗaya ce da mayafi da silifas da ɗan man shafawa. Ya ɗora su a ƙaramin sikeli, ko kilo ba su cika ba.

Ya haɗa abin da ba makawa sai da shi a jaka ɗaya, ya cire wannan, ya mayar da wancan, har rana ta take. Jakar ta ƙi sauka ƙasa da kilo goma. Da kansa ya ce, "Tafiya ta fasu, Auta." Ni da na yi wata guda ina fatan jin wannan maganar, sai na ji kamar an soke ni.

Yana riƙe da igiyar kafaɗar jakarta, inda ta sa tsumma ta ɗinke don kada ta ci mata fata, ya ce, "Ta taɓa ce miki bayanta yana ciwo?"

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani na so.

"Duk shekara, Yaya. In kun dawo, sati guda take zuwa gidana ina gasa mata da ruwan zafi. Ta ce kada in faɗa maka, don in ka sani ba za ku ƙara zuwa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in ja masa ƙofa in zan fita. Ina bakin ƙofa ina laluben takalmina na jiyo shi. Tun muna yara ban taɓa jin kukan Yaya ba sai ranar.