Kuɓewar Gidan Alhaji Sule Mai Fata

A duk shekarun da na yi ina malamar gona, akwai wata Laraba da ta ƙi fita raina, kwana biyar bayan Babbar Sallah, da aka kira ni wani gida a bayan Ƙofar Wambai. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku ba ni aron kunnuwanku.

Lokacin ina mataki na bakwai, ina kula da shirin noman buhu a unguwannin cikin birni. Ga wanda bai sani ba, cikin ganuwa babu filin noma, gida ya manne da gida. Shi ya sa muke koya wa mata su cika buhu da ƙasa da taki, su huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, su shuka kuɓewa a tsakar gida. Mu mata aka ɗora wa aikin, domin abokan aikinmu maza iyakarsu zaure.

Hajiya Rabi, matar Alhaji Sule mai sana'ar fata, ita ce gwanata. Buhu ashirin gare ta, kuma duk baƙon da ya zo ofis gidanta nake kai shi. Ranar ta buga mini waya, wai buhu goma sha biyu sun kwanta cikin kwana biyu, ga shi har sun fara fure.

Na shaida wa shugabanmu na shiyya, Malam Garba. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son dogon rahoto.

"Malama Hadiza, damina ce, ruɓewar saiwa ce kawai. Kai mata magani, ki rubuta a rufe fayil."

"Ranka ya daɗe, a ba ni yini ɗaya in gani da idona."

"Ke dai da taurin kai," in ji shi, ya sa mini hannu a takardar fita.

Ina shiga gidan, abin da na fara gani shi ne ƙullin kaya da tukwane da naɗaɗɗiyar tabarma a ƙofar wani ɗaki. Kayan Baba Uwani ne, wata tsohuwa mai daddawa da ta zo daga ƙauye, ta shekara tara tana haya a gidan. Ashe ranar Sallah ta tsaya kan shukar ta ce, "Kai, wannan kuɓewa kamar a fadama!" ba ta haɗa da tubarkalla ba. Da ganye ya fara lanƙwashewa sai aka tuna. Maganar kambun baka ta zaga lungu, aka daina sayen daddawarta, Alhaji kuma ya ce ta bar masa gida kafin Juma'a. Tana zaune kan turmi ta haɗa tagumi, ko kallona ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na kama bakina. Ni ba malamar addini ba ce, ban je yin musu a kan abin da ya fi ƙarfina ba. Abin da na sani shi ne shuka ba ta mutuwa ba ta bar shaida ba.

Na bi ƙa'idar aiki daki-daki. Na tuge guda na duba saiwa. In ruɓewa ce, za ta yi baƙi ta yi wari, in tsutsar ƙasa ce, za ta yi ƙulli-ƙulli. Wannan ba ko ɗaya. Na tsaga karan da reza, domin cutar da ke toshe hanyar ruwa tana mai da cikinsa ruwan ƙasa. Cikinsa fari tas. Ganyen kuwa ya ƙone ta gefe-gefe, ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, alhali ƙasar buhun a jiƙe take. Na tambayi Hajiya ko ta zuba takin zamani ko an yi feshi, ta rantse ba a yi ba.

Sai na ja da baya na dubi tsakar gidan gaba ɗaya. Matattun duk suna jere a ƙasa, daga bakin zaure zuwa makwarara. Takwas ɗin da suka tsira suna kan dakali, kore shar. Na ce a raina, ban taɓa jin bakin da ke bin layi haka ba. Na durƙusa na ɗaga buhu ɗaya, sai ga wani farin ɓawo ya bushe a gindinsa. Na dangwala na sa a harshe.

"Malama, ƙasa kike ci?" in ji Hajiya.

"Gishiri nake ci. Hajiya, me aka yi a tsakar gidan nan da Sallah?"

Ta ce rumbun Alhaji ya cika da fatun layya, sai aka kawo ragowar nan aka baza, aka barbaɗe su da gishiri. Da aka kwashe, ta sa aka wanke wurin don wari. Makwarara ta toshe, ruwan ya kwanta ƙarƙashin buhuna, su kuma suka sha ta hudar gindinsu. Tana faɗa tana rage murya, har ta kai ƙarshe ta dafe baki.

Saura Alhaji. Gaskiya na so in gaya masa magana, amma dattijo ne a gidansa, kuma buƙatata tsohuwa ta zauna. Na same shi a zaure na gaishe shi.

"Alhaji, kai ne masani. Me gishiri ke yi wa fata?"

"Tsotse ruwanta yake yi mana, don kada ta ruɓe."

"To in ya samu saiwar kuɓewa fa?"

Na miƙa masa ƙasar a takarda. Ya ɗanɗana, sai ya ce, "Innalillahi. Ashe ni ne."

Ya yi sallama ya shiga, ya russuna gaban Baba Uwani da girmansa da rawaninsa. "Baba, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Na yafe, Alhaji. Amma da bakina na da wannan ƙarfin, ai da tuni na gina gidan kaina."

Na roƙe shi abu ɗaya, tunda a lungu maganar ta yaɗu, a lungu za a wanke ta. Bayan la'asar ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa. Ni da Hajiya muka mayar da tukwanen ɗaki.

A rahotona na rubuta har da namu laifin, domin mun koyar da huda buhu, ba mu koyar da ɗora shi kan bulo ba. Tun daga nan aka ƙara wannan cikin darasi, kuma ba na jin kunyar cewa ni na kawo shi.

Abin da na koya shi ne, a cikin gida shuka tana shan duk abin da mutanen gidan suka zubar. In an kira ku, ku tambayi sana'ar maigida da abin da aka yi a makon, kafin ku buɗe jakar magani. Ku kuma sani, inda ba mu gano dalili ba, mutane za su nemo nasu, kuma a kan marar gata yake faɗawa. Baba Uwani a ɗakin nan ta zauna har Allah ya karɓi abinsa bara, Alhaji Sule na cikin waɗanda suka ɗauki makararta.