Zuwa Doguwa Neman Asalin Ciwon Baba

Bebeji

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha. Hannun Baba ya daɗe yana karkarwa, likita a Kano kuma ya ce in binciko ko akwai mai irin ciwon, ko mai ciwon mantuwa, a danginmu. Wai akwai abin da ake gada a jini da kan ƙara haɗarin cututtukan biyu, ko da yake ba lallai su bayyana ba. Ni dai ban gamsu ba. Me ya haɗa hannu da mantuwa?

Kiru

Na sauka gidan Baffa Sale, ƙanen Baba. Yana jin abin da ke tafe da ni ya ajiye ludayin koko.

"Wa ya turo ka? So ake a ce zuri'armu ta masu ciwo ce, 'ya'yanmu su rasa masu aurensu?"

"Baffa, likita ne ya tambaya."

"Sammu aka yi wa Yaya. Kuma kar ka je wurin Hajara."

Gwaggo Hajara ce babbarsu, a Doguwa take, an kuwa daɗe ba a ambatonta a gida tun wata rigimar gona. Hanin nan ne ya sa na hau acaɓa zuwa Kwanar Dangora.

Tudun Wada

Bas ta tsaya, na ci shinkafa da wake a tsaitsaye. A shingen bakin dajin Falgore jami'i ya leƙo yana ƙare mana kallo, mu ma muna kallon juna. Direba ya ce, "Kowa ya yi addu'a, ba na tsayawa sai Doguwa."

Doguwa

Yaya Hinde, 'yar Gwaggo, ta tare ƙofa.

"Sai yau? In maganar gona ce, koma."

Da ƙyar ta bar ni na shiga. Gwaggo na zaune tana ta naɗe zani tana warwarewa. Ba ta gane ni ba. Ta dube ni ta ce, "Ina Audu? Ya ci abinci?" Audu shi ne Baba.

Hinde ta rage murya. "Kakanmu ma, a ƙarshen rayuwarsa sai an ba shi ruwa a baki, hannunsa ba ya riƙe kwano. Duk sun sani. Ɓoyewa suke."

A nan na kwana.

Gida

Washegari da la'asar na iso Bebeji lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Yaya Hinde. Na zayyana wa Baba komai, har tambayar da Gwaggo ta yi.

Sai ya ce, "Faɗa wa likitan gaskiya. Kuma ka nemo mana mota, ba zan ci abinci ba sai na ga Hajara."